Sawun Malama Rabi

Samarin da ake turo mini in nuna musu kula da ɗakin gwajin koyarwa, tun kafin su zauna sun gama raina aikin. Su dubi tsintsiya, su dubi kujeru ashirin da huɗu, su dube ni, sai ka ga wannan ya zunguri wancan. Har wani ya taɓa ce mini, "Baba, ai wannan ko da waya sai a yi shi." Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Fiye da shekara ashirin na yi a ɗakin nan, a kwalejin horon malamai da ke bayan garin Daura, ban taɓa tsayawa gaban allo na koyar da ko baƙi ɗaya ba. Nawa aikin shi ne in shirya wurin da wani zai koyi koyarwa, in ya gama kuma in duba abin da ya bari.

Ga yadda abin yake. Sau uku a mako ake kawo mana yaran aji biyu daga firamaren da ke bayan katangarmu. Su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su zauna. Ɗalibin malanta shi ma ya tuɓe nasa, ya shiga ya koyar da su na minti ashirin. A jikin bangon baya akwai taga mai baƙin gilashi, a bayanta malamin da ke duba shi yake zaune da takardar ba da maki. Yana ganin aji, aji ba ya ganinsa. A da har da kyamara muke da ita da talabijin, a ɗauki mutum, a nuna masa kansa ya ga yadda yake sosa ƙeya.

Wurin Baba Tanimu na koyi aikin. Kafinta ne tun asali, aka ɗauke shi gyaran kujeru, ya zarce da yin kayan koyarwa. Shi ya nuna mini yadda ake yanka karan gero tsayi ɗaya don ƙirga, a ɗaure goma-goma da zare. Da shi muka tara murafan kwalba cike da buhu, muka yi agogon kwali, muka yi sikeli da ƙoƙo biyu da sanda. Allo in ya koɗe, mu fasa tsohon batir mu kwaɓa baƙinsa mu shafe. Alli kuwa da damina sai a gwangwani mai murfi, don in ya sha sanyi ba ya kama allo, ɗalibi ya yi ta gogawa yana gumi yana zaton hannunsa ne. Ranar da na fara yin taswira da laka, na zauna na ƙawata ta, har da shuɗi a wurin ruwa. Baba Tanimu ya duba ya ce in farfasa. "Ka yi ta da kyau da yawa, Bello. Yara ita za su kalla, ba za su ji malam ba." Kullum da safe kuma sai ya sa ni in zauna a kowace kujera, ɗaya bayan ɗaya, in lanƙwashe ƙafafuna kamar ɗan shekara bakwai, in ga ko allo yana ƙyalli daga nan. Har yau gwiwoyina ba su yafe masa ba.

Masu shigowa ɗakin iri biyu ne. Akwai 'yan samari da 'yan mata da suka fito daga sakandare, sun haddace darasi tun daga sallama har zuwa "akwai mai tambaya?", su zo su juye wa allo shi. Akwai kuma tsofaffin malaman ƙauye, daga Baure, daga Babban Mutum, daga Sandamu, waɗanda suka shekara da shekaru suna koyarwa, aka ce kowa ya koma ya samo takardar shaida ko a sallame shi. Su na fi jin tausayi. Mutum da furfura a gemu, yara sun san shi da Malam a garinsu, ga shi yana rawar murya saboda baƙin gilashi. Da aka kawo Shari'a aka raba mana zama, maza a dama, mata a hagu, hanya a tsakiya. Ni na ja kujerun da hannuna.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da Baba Tanimu ya rasu. Wutar lantarki ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone kyamara da talabijin lokaci guda. Da damina iska ta yaye kwano biyu, ruwa ya kwana a kan dardumar ɗakin har ta ruɓe. Da muka naɗe ta muka tarar siminti duk ya farfashe, ramuka ko'ina. Aka fara cewa a rufe ɗakin kawai, ɗalibai su riƙa koyar da junansu. Ni kuwa na san babba ba ya zama yaro. Babba in bai gane ba sai ya gyaɗa kai don ya rufa wa abokinsa asiri.

Don kada yara su yi tuntuɓe na je rafi ta hanyar Sandamu na yo rairayi a amalanke, na tankaɗe da rariya, na cike ramukan. Ya ragu da yawa, sai na baje sauran a ɗakin gaba ɗaya, na bi da tsintsiya mai laushi na lailaye. Aka yi darasi, aka tashi, na shigo in gyara kujeru. Rana ta shigo ta inda kwano ya yaye, ta kwanta a ƙasa a karkace. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, na kasa shiga. Duk darasin yana nan a kwance. Ga inda malamin ya tsaya ya daɗe har dugadugansa suka nutse, ga inda ya taka uku ya fasa ya koma, ga ƙananan yatsu a ƙarƙashin kujeru sun yi ta haƙa don gajiya.

Ni ɗan makiyaya ne, a rugarmu ta gabas da Dutsi na tashi. Mahaifina in saniya ta ɓata ba ya tambayar kowa. Ya sunkuya ya dubi ƙasa ya ce, ta bi nan da hantsi, ba korarta aka yi ba, ƙishirwa ce, ga ƙafar baya tana ja. Na ɗauka na bar wannan karatu a daji ranar da na sa wando na shiga aikin gwamnati. Ashe yana nan yana jirana a cikin ɗaki mai allo.

Daga ranar na mai da shi aiki. Kafin kowane darasi in tankaɗe, in baje, in share da baya da baya har in fita, kada in bar nawa sawun. Yara su bi ta gefen bango su zauna. Ana darasi ba na leƙawa, ina can gindin darbejiya, don in ido ya riga ya gani sai ya sa ƙasa ta faɗi abin da yake so. In an tashi in kira ɗalibin mu tsaya a bakin ƙofa. Mai tsoro, sawunsa bai wuce faɗin tabarma ba a gaban allo. Mai son a yaba masa, hanya ɗaya ce ta ɗauke shi zuwa wurin yaron da ya fi kowa ƙoƙari, ya je ya dawo har ta yi kwari. Samari da yawa, saboda kunya, ba sa tsallaka hanyar tsakiya. Ɓangaren 'yan mata ka gan shi sumul kamar yadda na share shi. In na nuna musu sai su rantse sun je. In ce, "To da fiffike ka je, Malam?" Matan kuwa bakin zane da hijabi suna share rabin sawunsu, sai ka bi jan zanen kamar yadda ake bin jan igiyar akuya. Na fi son wannan lokaci da duk wani lokaci a aikina, ɗaki shiru, ƙamshin rairayi, mutane sun tafi amma tafiyarsu tana nan. Wani sa'in har ji nake kamar in na kasa kunne zan ji muryoyin suna tasowa daga ƙasa.

Dokta Lawal, wanda ke zama bayan gilashi yana ba da maki, da farko dariya ya yi. Daga baya ya zama ba ya sa hannu a takarda sai ya zo ya tsaya kusa da ni. Shi ya hana a rufe ɗakin. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

A cikin wannan girman kai Malama Rabi ta same ni. Daga wani ƙauye na Sandamu take, shekararta goma sha ɗaya tana koyar da aji ɗaya ba takarda, kuma in ba ta ci gwajin koyarwa ba za a karɓe ajin a ba wani. Sau uku ake ba mutum dama. Da na shiga bayan darasinta na farko na ce yau na ga malama. Sawunta ya zaga ko'ina, dama da hagu, ƙanana, natsattsu, a gaban kowace kujera ta tsaya. Sai wuri ɗaya. Kujera ta uku a layin mata, jikin bango, akwai fili kewaye da ita kamar faɗin faifai biyu, ko yatsa bai taɓa ba. Sawun ya taho kai tsaye, saura taki biyu, sai ya lanƙwasa ya wuce.

Dokta bai lura ba, ta gilashi ba a ganin wannan. Har ya ɗaga biro zai ba ta maki, ni na ce, "Ranka ya daɗe, dubi nan." A takardarsa akwai layin da ya ce dole malami ya isa ga kowane yaro, ya kuma kira shi da sunansa. Ya tuna lallai akwai yarinya ɗaya, Safiya, da ta yi ta ɗaga hannu ba a kira ta ba. Ya kira Malama Rabi ya faɗa mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malam." Ta faɗi gwaji na farko.

Bayan mako biyu ta sake, na canza wa yaran wurin zama don in gani. Safiya ta koma layin gaba. Filin ya bi ta. Dokta ya fusata, ya ce wannan gangan ne, malamin da ya tsani yaro ɗaya bai cancanci aji ba. Ta faɗi na biyu.

Bayan sun fita na tsuguna a wurin na daɗe. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na karanta sawun da kyau maimakon in yi ɗokin nuna shi. Wanda ya tsani abu daga nesa yake kauce masa, takunsa a miƙe. Wannan kuwa sau biyar ta nufo kujerar. Kowane karo a wurin lanƙwasar yatsun ƙafarta sun nutse, sun kama ƙasa, kuma in ta wuce sai ka ga dunduniya ta ɗan juya, alamar ta waiwaya. Na taɓa ganin irin wannan a rugarmu, a kewayen turken da ake ɗaure ɗan maraƙi a hana uwar zuwa.

Na same ta a gindin darbejiya tana ɗaure littattafanta da gefen gyale. Na gaishe ta, na ce, "Malama, yarinyar nan mece ce taki?"

Ta ce, "Baba, wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa mini."

"'Yar fari ce," in ji ta, a hankali kamar mai faɗin laifi. "Tun yaye take wurin kakarta a nan cikin gari. Kuma sunan kakar aka sa mata, uwar maigidana. Ban san makarantarsu ake kawowa nan ba sai da na shiga na gan ta."

Ba sai ta ƙara ba. Ni kaina uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane ba. Ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruka a kai. Bakin Malama Rabi bai taɓa furta sunan nan ba tun ranar suna, ita kuma yarinyar Yaya take kiranta, ba Inna ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a wurin aiki. Ni da na fito daga gidan da aka fi kowa riƙon wannan al'ada, ni na kai ƙararta.

Na ce, "Abu mai sauƙi ne. Ni nake zuwa ɗauko yaran. Ranar gwajinki sai in ce wa hedimasta a bar ta a aji, a ba ni wata."

"A'a, Baba."

"To in gaya wa Dokta."

"Don Allah kada ka faɗa. In ce masa me, ina jin kunyar 'yata a ba ni maki?" Ta gyara ɗaurin littattafan, ta kwance, ta sake ɗaurewa. "Ka san ba ta iya rubutu ba? Na leƙa littafinta daga nesa. Zane kawai take yi, tana kwaikwayon na kusa da ita. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane. In ka cire ta ranar nan, za ta san don ni aka cire ta."

"To ya za ki yi? Saura dama ɗaya."

"Ka share ɗakinka kawai, Baba."

Ranar gwaji na uku na tankaɗe rairayin sau biyu. Na zaunar da Safiya a inda take tun farko, jikin bango, na fita na zauna a gindin darbejiya. Minti ashirin ba su taɓa yi mini tsawo haka ba. Ina jin muryarta sama-sama, yara suna amsawa, ana ƙirga karan gero. Can sai na ji ajin ya yi tsit, ya daɗe a haka, har kurciya ta sauko kusa da ƙafata tana kiwo. Sannan murya ta dawo, aka yi sallama, yara suka fito suna neman takalmansu. Malama Rabi ta fito ta wuce ni ba ta ɗago ba.

Dokta ya zagayo da takarda a hannu, ransa a ɓace. "Malam Bello, na rasa gane matar nan. Ta je wurin yarinyar, na gani. Amma ta ba sauran aiki, ta durƙusa a can kusan minti biyar, kujeru sun kare ta, ban ji ta ce uffan ba. Kuma har aka tashi ba ta kira sunanta ba. Ashirin da uku ta kira, na ƙirga. Ni takarda nake bi."

Na ce, "Mu duba ƙasa, ranka ya daɗe."

Muka bi ta gefen bango. Sawun ya taso daga allo, ya zo wurin da ya saba lanƙwasawa. A nan ƙafafun biyu suka tsaya a jere, sun nutse sosai. Daga nan taki biyu, gajeru. Sai gurbin gwiwoyi biyu a gefen kujerar, da shatin tafin hannun hagu inda ta dogara. A gaban gwiwoyin an shafe rairayi da hannu an yi ɗan allo, an rubuta da yatsa, manya-manya, Safiya. A ƙarƙashinsa an sake rubutawa, wannan karon ramin ya fi faɗi, yatsa biyu ne a haɗe, babba a kan ƙarami. A ƙarƙashin wannan kuma ga na uku, a karkace, harafin farko ya juya baya, na ƙarshe ya gangara kamar zai faɗi. Ƙaramin yatsa ne shi kaɗai. Kusa da shi ga sawun ƙafar yarinyar, ta sauko daga kujera, dunduniyarta a cikin shatin zanen uwar.

Dokta ya dubi rubutun ya dube ni. "Me ya hana ta faɗa da baki?"

Ta roƙe ni kada in faɗa, amma na riga na yi mata ɓarna sau biyu da bakin nan, na ga gara in yi ta uku mai amfani. Na ce, "'Yar fari ce. Kuma sunan surukarta ne."

Shekara shida muna tare, na san babban ɗansa, yana zuwa ɗaukarsa a babur, kuma ban taɓa jin ya kira shi da wani abu ba sai "kai, wannan". Ya tsuguna, babban mutum da babbar riga, ya daɗe yana kallon layi na uku. Sannan ya ɗora takardar a gwiwarsa, ya nemo layin kiran suna, ya sa mata maki cikakke. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ƙarfe nawa ne darasi na gaba?"

"Sha ɗaya."

"To ka shirya ɗaki."

Malama Rabi ta koma ajinta a Sandamu, ban sake ganinta ba. Bayan wasu shekaru aka yi mana sabon siminti, aka kawo kyamarori har uku, aka ce rairayi ƙazanta ne. Ban yi musu ba, kyamara tana da amfaninta. Sai dai duk wanda aka turo mini, nakan sa shi ya zauna a kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, in kuma gaya masa kada ya yi saurin kai rahoton abin da ya gani, ya tsuguna tukuna.

Ranar nan dai saura kwata sha ɗaya na ɗauki tsintsiya, don wani ɗalibi yana jira a waje da agogon kwalinsa, shi ma da tasa damar. Na fara daga gaban allo, na share ɓangaren maza, na share hanyar tsakiya, na bi layin mata kujera kujera. Da na zo ta uku jikin bango, sai na ɗaga tsintsiyar, na taka biyu, na lanƙwasa na wuce.